Dami Tara, Baki Biyu

Dalijan, 12 ga Shawwal

Zuwa ga ɗiyata Sa'adiyya, matar Tajuddeen, a Kalgo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun yi Sallah lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni nan alhamdu lillahi, in ban da gwiwar hagu da kunnuwan nan da suka ƙi ni. Saboda su ne ban neme ki ta waya ba. In aka kara mini ita sai in yi ta “iye? iye?” har kuɗin mai wayar su ƙare, kuma duk wanda ke zaune bakin masallaci ya ji sirrin gidana. Boko ban yi ba, amma ɗan ajamin da na tsinta a gaban allo bai bar ni ba, kuma na san mahaifinki ya koya miki karanta shi. Garba mai motar albasa zai kawo miki wannan, shi za ki ba amsa.

Kada ki ce wane tsoho ne wannan da bai taɓa rubuto mini ba. Kakanki Usman Dogo da mahaifina ’ya’yan wa da ƙane ne. Ranar sunanki ni na riƙe ƙafar rago aka yanka, ya kuwa shure ni a haɓa, tabon yana nan. To, ba bare ke miki magana ba.

An ce mini Innarku tana gidanki. Yau kwana biyar ke nan da ta ɗaure tsummokaranta a zane ta fita, ko waiwaye babu. Mace mai shekara sittin da shida, kai duk furfura, wai ta yi yaji kamar amaryar bara. Na san ta riga ta cika miki kunne, saboda haka ki ji nawa.

Shekara arba'in da takwas ga yadda muke. Ina fitar da damin gero daga ƙaramin rumbu, ta sussuke, in zuba hatsin a tukunya a ɗakina. Kowace safiya, in na dawo masallaci, in auna mata ƙwarya ɗaya in ɗora kuɗin cefane a kai. Ba ta tambaya ta abin da ke aljihuna, ba na tambayar ta ribar daddawarta. Haka mahaifina ya yi da mahaifiyata, kuma ba wanda ya kwana da yunwa a gidan nan.

Ranar da abin ya faru na auna mata ƙwaryarta, na ɗora naira ɗari biyu kamar kullum. Sai ta ɗauki kuɗin da yatsa biyu ta ajiye mini a kan gwiwa, ta ce, “Malam, yau kai za ka je kasuwa. In ka samo manja da gishiri da kuka da wannan, ni kuma in dafa maka har da nama.” Na ce jiya da me kika saya? Ta ce da akuyarta. Na ce wace akuya? Ta ce, “Ka leƙa garke ka ƙirga.” Na leƙa, turke uku, igiya uku, ba akuya ko ɗaya.

Daga nan ta ce in buɗe babban rumbu, rumbun tsimi, in sayar da dami biyar, a sayi mai da sabulu, ta sayi kalwa ta tayar da daddawarta da ta mutu. Na ce ba a buɗe rumbun tsimi sai an gama noman farko, ta sani, kowa ya sani. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ta ce, “Iyakar abin da za ka ce mini ke nan?” Na ce iyakarsa ke nan.

Ki ce mata ta dawo. Na ƙara naira ɗari a kuɗin cefane, sun zama ɗari uku. Kubura matar maƙwabcina ke dama mini kunu, kuma kununta ruwa ne tsululu.

Baffanki,
Albarka ɗan Abduljalil


Kalgo, 19 ga Afrilu

Baffa,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta da ƙyar don wasu baƙaƙen sun hau kan juna, amma na gane. Muna lafiya, autana ne kawai ke fama da haƙori. Allah ya ba ka sauƙin gwiwa. Tajuddeen yana gaishe ka.

Inna Mairama tana nan. Ta iso mana da rana tsaka, ƙafafunta a kumbure, ta ce tun daga tasha ta tako don kada ta biya ɗan acaɓa. Na karanta mata takardarka tun daga sallama har sa hannu. Da na zo wajen ɗari uku sai ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce, “Ashe ya yi arziki.” Da na zo wajen kunun Kubura ta ce a faɗa maka ka ce ta rage ruwa, ba wani abu ba ne.

Baffa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni ƙarama ce. Ɗari uku yau ko kwalbar manja ƙarama ba ta saya. Inna ta ce shekara shida ke nan kuɗin cefanenka ba su isa, ita ke cikawa, kai kuwa kana cin tuwo kana cewa ƙwaryarka mai albarka ce. Da ribar daddawa take cikawa. Da kalwa ta yi tsada ta fara cin uwar kuɗin, da suka ƙare ta shiga awaki ɗaya bayan ɗaya, sannan tasoshinta na aure. Na tambaye ta me ya hana ta gaya maka tun farko. Ta ce, “Shi yana gaya mini nasa ne?”

Mu nan ba haka muke yi ba. Tajuddeen masinja ne a wata makaranta. Ranar da albashi ya shigo, sai mu zauna a tabarma ni da shi, mu kasa shi a gwangwanayen madara huɗu: na haya, na abinci, na makarantar yara, na ciwo. Abin da na samu a ɗinki ya shiga na abinci. Ba na cewa yana isa. Zuwa sha takwas ga wata gwangwanin abinci ya fara ƙara in an girgiza, mu shiga na ciwo muna addu'ar kada kowa ya kwanta. Amma dai mu biyu muke ganin ƙarewarsa, ba wanda ke zargin wani.

Na roƙe ta ta koma, ta ce ba yanzu ba. Ka buɗe rumbun nan, Baffa. Hatsi don a ci aka ajiye shi.

Ɗiyarka,
Sa'adiyya


Dalijan, 4 ga Zulƙida

Ɗiyata Sa'adiyya,

Bayan sallama da gaisuwa. Allah ya sa haƙorin yaro ya fito lafiya. Ki shafa masa ɗan zuma a dasashi. Ni gwiwa ta ɗan lafa, amma zafin bana ya fi ƙarfin tsoho.

Na ji karatun da kika yi mini. Gwangwani huɗu! Namiji ya zazzage albashinsa a tabarma gaban mace kamar mai tallar gyaɗa. To, Allah ya ba da sa'a. Amma ke kika faɗa da bakinki, sha takwas ga wata kun fara girgiza gwangwani. Gidan da ba shi da abin da ba a taɓawa, ba shi da komai.

Kin ce hatsi don a ci aka ajiye shi. Bari in gaya miki abin da ba ki gani ba. Shekarar da aka sauya kuɗi daga fam zuwa naira, ina saurayi, ruwa ya ɗauke gero yana ciki. Shanu suka riƙa faɗuwa a tsaye. A unguwarmu akwai gidaje goma sha huɗu masu rumbun tsimi. Tun kafin bazara gidaje tara suka fasa nasu, don mata sun matsa, yara suna kuka. Suka ci, suka sayar, suka ji daɗin wata biyu. Da ruwan shekara mai zuwa ya sauka, lokacin da namiji ke bukatar tuwo a cikinsa don ya riƙe fartanya, ba su da ko tsaba. Gidan Muzzammil Maƙeri suka ci irin shukarsu. Gidan Ɗan Juwairiyya suka sayar da gonar fadama a kan buhu biyu. Kakanki Usman Dogo, da kike jin an ce ya koma Kalgo don kasuwanci, ba kasuwanci ba ne. Na raka shi har bakin gari, tabarma ce a kansa da buta a hannu. Cikin taran nan, gida biyu kaɗai ke da hayaƙi a Dalijan yau. Ina iya lissafa miki su duka da sunan matansu.

Mahaifina bai fasa nasa ba. Mun ci tafasa da dusa, mahaifiyata ta yi kwana arba'in ba ta yi masa magana ba. Ranar da aka gama noman farko ya hau tsani ya fasa yaɓen, muka ci, muka ciyar da gida uku, muka kai kaka. Da zai rasu bai bar mini wasiyyar gona ko ta bashi ba. Cewa ya yi, “Albarka, ko wa ya yi kuka, kada ka fasa kafin lokaci.” Duk wanda ya wuce bayan gidana ya ga rumbun nan a yaɓe, ya san gidan Abduljalil yana tsaye.

Maganar awaki da tasoshi kuwa, wallahi ban sani ba. Tun da na karanta nake zagaya ɗakinta. Inda tasoshin suke jere, yanzu sai zoben ƙura a kan katako, guda goma sha ɗaya. Ni na sayi huɗu daga ciki a kasuwar Gwandu shekarar da ta haifi Khalilu, wanda ya tafi Kudu shekara bakwai ke nan ko saƙo babu. Me ya sa ba ta ce mini komai ba? Ni dodo ne?

Amma rumbu ba zan fasa ba. Ki ce mata hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Wa zai bi ni da iri in ina saran rami? Tun da muka yi aure ba wanda ya taɓa zuba iri a ramina sai ita.

Baffanki,
Albarka


Kalgo, 20 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa. Muna nan dai. Ba zan tsawaita ba, don raina a ɓace yake.

Labarin kakana na ji, ban taɓa sani ba, kuma na yi kuka. Amma Baffa, matattu kake ƙirgawa, ga mai rai a gabana tana ramewa.

Ɗakinmu biyu, mu shida ne, Inna ta bakwai. Ba mu taɓa nuna mata komai ba, Allah shaida. Amma ita ba yarinya ba ce. Ta ga watan nan tun sha huɗu muka shiga gwangwanin ciwo. Ta ji ni da Tajuddeen muna ƙus-ƙus a kan ko a cire yaro ɗaya daga makaranta zangon nan. Mu da ba mu taɓa faɗa a kan kuɗi ba, ranar Talata ya ce mini, “Danginki ne, ke za ki san yadda za ki yi.” Daga baya ya ba ni haƙuri, amma ya riga ya faɗa.

Washegari Inna ta fita da safe ba ta gaya wa kowa ba. Sai la'asar na same ta a rumfar Binta mai abinci, kusa da ƙofar jami'a, a tsugune tana wanke kwanonin ɗalibai. Sun yi ciniki: ta yi wanke-wanke, a ba ta abinci sau biyu. Na ce ta tashi mu tafi, ta ce, “Ke dai je ki, ɗiyata. Na cire bakina daga tukunyarku, kwana kawai zan riƙa yi.” Yara sa'o'in jikokinta suna miƙo mata kwano suna cewa, “Baba tsohuwa, yi sauri.”

Matarka ke nan, Baffa, kai kuma kana zaune kana gadin rumbu cike da gero.

Ban so in kai ga haka ba. Amma in Sallar Layya ta wuce ban ji ka buɗe ba, zan kira Malam Ibrahim, limamin unguwarku, in gaya masa komai, ya zo da dattawa su yi maka magana. Ina da lambarsa.

Sa'adiyya


Dalijan, 28 ga Zulƙida

Sa'adiyya,

Sallama. Lafiyata ba abar tambaya ba ce yau.

Kada ki kira Liman. Don girman Allah kada ki kira shi. Ki karanta wannan ke kaɗai tukuna, ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa.

Ba komai a rumbun. Ko zangarniya ɗaya babu.

Bara, gab da damina, ƙarfina ya gaza. Na ga ba zan iya nome gonar tudu ni kaɗai ba, ƙasar kuma ta gaji, tana son taki, takin ya yi tsadar da ban taɓa ji ba. Na yi lissafi a raina: in na fitar da dami talatin ɗin da ke ciki na sayar, na sayi taki na ɗauki ’yan ƙwadago, da kaka sai in mayar da arba'in, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Lokacin Innarku ta tafi suna Wurogauri, kwana huɗu. Na kira mai amalanke daga wani gari don kada a san shi, muka kwashe ta ƙofar baya. Na kwaɓa laka na mayar da yaɓe da hannuna. Da aka gama noman farko na ce mata ƙaramin rumbu zai kai mu, ba sai an fasa babba ba. Ta ce to.

Geron ya yi kyau, ɗiyata. Ban taɓa ganin gonar nan ta yi irin wannan kai ba. Saura kwana goma sha biyu a yanka, jan-baki suka sauka. Kin san tsuntsayen nan, in sun taso kamar hadari. Na yi ta kaɗa gwangwani ina ihu har muryata ta dushe. Kwana uku suka yi. Abin da na tsira da shi, shi na zuba a ƙaramin rumbu, shi muke ci har yau.

Ni da na haddace gidaje tara da suka fasa kafin lokaci, ni ne na goma. Su ko yunwa ce ta sa su. Ni dabara ce.

Sau nawa na buɗe baki in gaya mata. In na dube ta tana tankaɗe tana ’yar waƙarta, sai in ce bari ta ƙara kwana ɗaya tana ganin akwai abin da ke bayanmu. Da ta ce in buɗe, na ga gara ta tafi tana ce mini marowaci da ta zauna tana kallon mutumin da ya tozarta gidan ubansa. Ban san za ta kai ga wanke kwanon yara ba.

Ki nemi lokacin da ta ci abinci ta huta, ki gaya mata a hankali. In ta tsine mini, ki rubuto mini yadda ta faɗa, kada ki gyara. Sannan ki ce ta dawo. Abin da ya rage mu raba shi biyu, in ya ƙare mu san na yi tare.

An yi ruwan shuka shekaranjiya. Ni na sara, ni na koma na zuba iri.

Albarka


Kalgo, 22 ga Yuni

Baffa,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa, ka yafe mini.

Takardarka sai jiya ta zo hannuna. Motar Garba ta lalace, ta yi sati uku a gareji, takardar tana cikin aljihun motar. Ni kuwa da na ga Layya ta wuce shiru, na ɗauka ka yi banza da ni ne. Ranar Litinin na kira Malam Ibrahim, na gaya masa duk abin da na sani a lokacin. Ya ce zai zo maka da dattawa biyu. Tun jiya nake kiran sa in ce ya bari, wayar ba ta shiga. Ban san ko sun riga sun zo ba.

Na yi yadda ka ce. Na bari ta dawo daga rumfar Binta, ta yi sallah, na zauna kusa da ita ina ta kewaye-kewaye. Ta ce, “Ke, karanta mini kawai.” Na karanta. Ba ta motsa ba har na gama. Sannan ta ce, “Sai yanzu?”

Baffa, ta sani. Tun ranar da ta dawo daga Wurogauri ta sani. Ta ce ta ga sawun amalanke a ƙofar baya, ta ga yaɓen rumbu ɗanye ne, kuma da jar laka, alhali na da baƙa ce. Bayan sati kaji suka daina tono a gindinsa. Ta ɗauki taɓarya ta ɗan buga cikinsa, ya amsa mata kamar ganga. Ta ce shekara guda tana kai maka tuwo tana jira ka ce, “Mairama, zauna, ga abin da na yi.” Ranar da ta ce ka buɗe, ba gero take nema ba. Ƙofa ta buɗe maka don ka faɗa, ka ƙi shiga.

Na ce to yanzu ya faɗa, sai ki koma. Ta girgiza kai. Ga maganarta, ban gyara ba:

“Ki ce masa ba fushi ya fitar da ni ba, fushin ya ƙare tun a mota. Kafin in taho na hau ƙaramin rumbu na ƙirga. Dami tara. Ɗaya na iri, saura takwas. In mu biyu ne, dami kwana goma yake yi mana, kwana tamanin ke nan, ya ƙare ana tsakiyar noma. In shi kaɗai ne, zai kai shi sabon gero. Ni ba na noma, shi ke noma. Wanda ba ya noma shi ke tashi. Ba abin da za a raba biyu, rabin yunwa yunwa ce. In an yanka gero, in ina da rai, ya aiko Garba.”

Ba ta tsine maka ba. Ta ce in tambaye ka ko Kubura tana jiƙa geron kafin ta daka, don haƙoranka.

Yatsunta sun fara tsagewa saboda ruwan sabulu, kuma tana tari da safe. Na ce ta huta kwana biyu, ta ce Binta za ta sa wata.

Ɗiyarka mai neman gafara,
Sa'adiyya


Dalijan, 3 ga Muharram

Ɗiyata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaida Tajuddeen, ki ce masa na san nauyin da na ɗora masa, Allah ya biya shi. Ke kuma ba ki yi mini laifi ba, ki daina neman gafara.

Sun zo. Liman da dattawa biyu, ranar Laraba bayan la'asar, mutanen unguwa kuma suka biyo su don an ji abin da ya kawo su. Liman ya yi mini wa'azi a kan haƙƙin iyali, mai kyau, ba ƙarya a ciki. Na ce a kawo tsani. Na hau da gwiwar nan, na fasa yaɓen, na sauko na ce wa Liman ya hau ya duba. Ya hau, ya leƙa, ya daɗe kansa na ciki. Da ya sauko bai dubi kowa ba, ya ce wa mutane, “Ku watse.” Suka watse. Yanzu in na shiga masallaci ana matsa mini wuri da sauri, ana gaishe ni da taushin murya kamar mai zaman makoki. Jiya wani ya ajiye kwanon dawa a zaurena ya gudu. Na ci.

Na karanta maganar Innarku sau uku. Lissafinta daidai ne, ban sami inda zan kama ba. Shekara arba'in da takwas ina zaune da mai lissafi irin wannan, ban taɓa cewa ta zo mu ƙirga tare ba.

Amma akwai abin da ba ta sani ba, kuma wannan karon ba zan ɓoye ba. Ki karanta mata duka, kada ki tsallake layi. Shukar da na yi ta mutu. Ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara, tsiron ya ƙone a rami. Na sake shuka ranar Asabar, na ɗebi iri daga na ci. Kafin nan na sayar da dami ɗaya na sayi maganin gwiwa, don ba na iya sunkuyawa. Yau saura dami biyu da ɗan abin da ke tukunya. Geron da aka shuka yanzu kuwa ba zai nuna ba sai bayan wata uku, in ruwa ya tsaya. Ko bakina ni kaɗai ba zai kai ba. Zan nemi ƙwadago a gonar mutane, in akwai mai ɗaukar tsoho.

Shekaranjiya na sa riga na fita bakin hanya, da niyyar in zo in ɗauko ta ko tana so ko ba ta so. Mota biyu suka tsaya, na ce su wuce. A can tana cin abinci sau biyu. Ni me zan kawo ta ta ci?

Na san halinta. In ta ji wannan za ta ɗaure kayanta ta ce za ta taho, don kada in mutu ni kaɗai a gona. Takarda uku na rubuta miki ina cewa ki turo ta. Yanzu ina cewa ki riƙe ta. Ki tsaya a bakin ƙofa, ki ce ni na ce. Ki saya mata man kaɗanya ta riƙa shafawa a hannu, ki kai ta a duba tarin nan, in Allah ya kai mu kaka zan biya. Ban taɓa roƙon kowa komai ba a zuriyar Abduljalil. Wannan nake roƙo.

Kada ki bar ta ta dawo gida.

Baffanki,
Albarka